Gagara-Rabo

A ƙasan akwatin Baba, ƙarƙashin rigar sanyinsa,
na tarar da littafi mai bangon kwali,
warin alli da kananzir bai sake shi ba.

Shafin farko lamba ce guda tal:
dubu ɗari biyar da ashirin da huɗu,
da ɗari biyu da tamanin da bakwai.
Na ce ko bashi ne.
Na ce ko kuɗin sallamar nan ne
da ya yi ta sintiri a kai, ba a biya ba.

Daga Gangare na hau Keke zuwa Kabong,
hanyar da ƙafata ta daɗe ba ta taka ba,
wurin Baba Davou, abokin koyarwarsa,
shekara ashirin allo ɗaya, buta ɗaya ta shayi.
Ya goge tabarau, ya duba, ya yi dariya har da tari:
"Hansatu, ashe Tanimu bai haƙura ba!

Wannan ba kuɗi ba ce, 'yata, jaruma ce.
Mara ce, ba cika ba.
Raba ta uku, ɗaya zai tsaya a waje.
Raba ta biyar, biyu za su rage.
Bakwai ma ɗaya, sha ɗaya kuwa biyar.
Daga ɗaya sai ita kanta ke shiga cikinta daidai,
shi ya sa ya raɗa mata Gagara-Rabo,
sunan da ba a littafin gwamnati yake ba.

Tana da dangi, amma ba su da yawa.
Jera biyu sau goma sha tara, ki ninka su da juna,
ki zare ɗaya, kamar mai awo ya tsame ƙwaya daga mudu,
ga ta nan tsaye.
Uku 'yar gidansu ce, da bakwai, da talatin da ɗaya.
A harshen na'ura, inda babu sai ɗaya da sifili,
ɗaya ce sau goma sha tara a sahu,
ko sifili guda bai ratsa ba.

Wasu irinta tagwaye ne, taki biyu tsakaninsu,
kamar sha ɗaya da sha uku.
Ita kam, taki biyu baya, biyar ta cinye,
taki biyu gaba, uku ta yanka.
Haka take zaune kamar dutsen Shere,
ba ta da 'yar tagwai, kuma ba ta nema ba."

Na ce, to, masana ba su san haka tuntuni ba?
Ya ce, "Sun sani tun kafin a haƙa kuza a garin nan.
Mahaifinki dai ba ya cin tuwon ji-ta-ji-ta.
Rabawa ɗari da ashirin da takwas ake bukata,
ni rabi, shi rabi, muka yi alkawari.
Sai garin ya rabu.
Ni ban sauka ba, shi bai hauro ba."

Muka buɗe. Rubutun Baba ya tsaya a tsakiyar shafi,
inda hannunsa ya fara rawa.
Baba Davou ya jawo wani littafi daga bayan rediyo,
bangon kwali, irinsa sak,
shi ma nasa bai kai ƙarshe ba.

Matarsa ta dafa mana gwate.
Ruwa ya sauko da ƙanƙara a kan kwano,
muna ta ragewa, muna sauko da lamba,
ni da biro, shi da guntun fensir,
ya hana ni taɓa waya.

Wajen la'asar ta kwana na uku
muka iso ɗari bakwai da sha tara, ƙofar ƙarshe.
Saura ɗari da talatin da shida.
Ya ajiye fensir, ya daɗe yana kallon taga.
Sannan ya ce in rubuta da hannuna
a ƙasan inda Baba ya tsaya:
Mun gwada duka. Ba ta rabu ba.